Fashin baƙi kan kalmar Ingilishi "conceal": ma'anarta, ginin jimlarta da wuraren da ake tuntuɓe

Duk mai bin sanarwar hukumar NDLEA ko ta kwastam da Ingilishi ya saba da jimla irin wannan: "The drugs were concealed in bags of rice." Idan labarin ya iso gidan rediyon Hausa, sai a ce an ɓoye ƙwayoyin a cikin buhunan shinkafa, kuma fassarar ta yi daidai. Matsalar tana fitowa ne idan an juya, wato lokacin da Bahaushe ya ɗauko "ɓoye" daga ransa ya nemi mayar da ita Ingilishi. Ƙamus zai miƙo masa "hide" da "conceal" a jere kamar abu guda ne, shi kuma sai ya zaɓi ta biyun saboda ta fi kama da Turancin manya. A wurare da yawa zaɓin ba ya ɓata komai. A wasu wuraren jimlar takan karye gaba ɗaya, a wasu kuma takan ɗora wa mutum zargin da marubucin bai yi niyya ba.

Ma'anar "conceal" a taƙaice ita ce hana a ga wani abu ko a san shi. Abin na iya zama na riƙewa a hannu, kamar wuƙa ko takarda, na iya zama labari, kamar sunan mutum na gaskiya ko yawan bashin kamfani, na iya kuma zama abin da ke zuci, kamar fushi ko murna. Kalmar ta shigo Ingilishi ne a wajen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci "conceler", wanda shi ma ya samo ta daga Latin "concelare". Ita kuwa "hide" 'yar gida ce, tana cikin Ingilishi tun kafin Nomawa, mutanen yankin Normandy na Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066. Bayan wannan cin, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, shi ya sa Ingilishi ya tara kalmomi bibbiyu masu ma'ana kusa da juna: "buy" da "purchase", "begin" da "commence", "hide" da "conceal". Ta farko ta kasuwa da cikin gida, ta biyu ta takarda da gaban alƙali. Har yau wannan rabon yana nan. Uwa a Landan ba za ta tambayi ɗanta "Where did you conceal my keys?" ba sai in zolaya take yi. "Where did you hide my keys?" za ta ce.

Furuci da rubutu

Gaɓa biyu ce, kuma nauyin yana kan ta biyu: kan-SIIL. Wasalin gaɓar farko gajere ne mai rauni, ba a cika shi kamar "kon" ba, na biyu kuwa dogo ne, irin na "seal" da "reveal". Wanda ya ɗora nauyin a gaɓar farko ya gajarta wasalin ƙarshe, abin da mai sauraro zai ji shi ne "cancel", wato soke abu. Wannan ba ƙaramin saɓani ba ne a ofis: "He cancelled the payment" na nufin ya soke biyan kuɗin, "He concealed the payment" na nufin an biya kuɗin amma ya hana a sani. Na farko aikin akanta ne na kullum, na biyu na iya kai mutum gaban EFCC. Akwai kuma "council" da "counsel", su ma nauyinsu a gaɓar farko yake, KAUN-sal.

Wajen rubutu ba ta da wahala. Sifofinta su ne "conceals", "concealed", "concealing". Ba a ninka harafin "l" ko a Ingilishin Birtaniya, saboda wasula biyu ne suka gabace shi, saɓanin "cancel" da Turawan Ingila ke rubuta "cancelled". A nan ta fi "hide" sauƙi, don ita "hide" takan sauya kama: "hide", "hid", "hidden". Babu "hided" a ma'anar ɓoyewa, kuma "I have hid it" ba ya wucewa a takardar jarrabawa, "I have hidden it" ake so.

Ɓoye da ɓuya

Wannan shi ne babban abin, kuma Hausa ta riga ta ba mu ma'aunin. Muna da "ɓoye" mai neman karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kamar "ya ɓoye kuɗin", muna da "ɓuya" da ba ta neman komai, kamar "ɓarawon ya ɓuya a bayan ƙyaure". "Hide" tana yin aikin biyun. Za ka ce "He hid the money", za ka kuma ce "The thief hid behind the door." Amma "conceal" aikatau so-karɓau ce zalla, dole a faɗi abin da aka ɓoye. "The thief concealed behind the door" karyayyiyar jimla ce, mai karatu zai tsaya yana jiran a gaya masa me ɓarawon ya ɓoye a bayan ƙyauren.

Abin da ke jawo kuskuren shi ne a maganar yau da kullum mukan ce "ya ɓoye a ɗaki" muna nufin ya ɓuya. To idan an haddace cewa "ɓoye" ita ce "conceal", sai a kwaso wannan ginin a zuba a Ingilishi. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: idan za ka iya sa "ɓuya" ko "laɓe" a jimlarka ta Hausa ba tare da ma'ana ta sauya ba, "hide" kake bukata. Idan dole sai "conceal" kake so, to ka ba ta karɓau ta hanyar mayar da aikin kan mai yin sa: "The thief concealed himself behind the door." Wannan daidai ne, sai dai yana da ƙamshin rahoton 'yan sanda ko tsohon littafi. Haka kuma babu "go into concealing", sai "go into hiding", wato shiga ɓuya, kuma wasan ɓuya na yara "hide-and-seek" ne, ba a taɓa sa "conceal" a wurin ba.

Wanda aka ɓoye wa

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko yawa a rubutun ɗalibai. A Hausa "ya ɓoye mini" tana da fuska biyu. Idan ka ce "ya ɓoye mini gaskiya", ya hana ka sani ne. Idan ka ce wa ƙanenka "ɓoye mini kuɗin nan sai na dawo", ajiya ka ba shi. Mahallin magana ne ke bambance su. Ingilishi bai yarda da wannan haɗin ba, ya raba su da ƙananan kalmomi biyu. Wanda aka hana sani yana zuwa bayan "from": "She concealed the letter from her husband", ta ɓoye wa mijinta wasiƙar. Wanda aka yi wa hidimar ɓoyewa yana zuwa bayan "for": "She concealed the letter for her husband", wato mijin ya san da wasiƙar, ita ce ta taya shi ɓoye ta kada wasu su gani. A jimla ta farko mijin ne aka rufe, a ta biyu shi da matar bakinsu ɗaya. A takardar shaida, wannan ƙaramar kalma guda na iya mayar da wanda aka cuta ya zama abokin laifi.

"To" ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Dalilin da ya sa take kutsowa shi ne kishiyoyin kalmar suna ɗaukar ta: "reveal it to him", "disclose it to him". Sai hannu ya zarce ya rubuta "conceal it to him". Ba kuma a jera karɓau biyu kai tsaye yadda ake yi da "give" ko "tell". "He concealed me the truth" fassarar "ya ɓoye mini gaskiya" ce kalma da kalma, amma ba Ingilishi ba ne. Tsarin shi ne: mai aikatawa, sai "conceal", sai abin da aka ɓoye, sai "from" da wanda aka ɓoye wa, sai wurin ɓoyewar idan ana so, da "in", "inside", "under", "beneath" ko "behind". Misali cikakke: "The driver concealed the cartons from the officers under sacks of onions."

Idan abin da aka ɓoye labari ne mai tsawon jimla, abin da ƙwararrun marubuta suka fi yi shi ne sa "the fact that" a tsakani: "He concealed the fact that the land had already been sold." Ana samun "concealed that" kai tsaye, amma ginin farko ya fi zama lafiya. Kalmomin tambaya ma suna biyo ta ba matsala: "She could not conceal how tired she was", ko "They concealed where the money came from."

Nauyin niyya

Idan mutum ne ya aikata, "conceal" kusan kullum tana ɗauke da abu biyu: ya yi da gangan, kuma akwai wanda ya kamata ya sani ko yake neman sani. Shi ya sa ba a amfani da ita ga mantuwa. Ma'aikacin da ya manta bai rubuta wani kuɗin shiga a fom ɗin haraji ba, "he failed to mention it" ko "he omitted it" za a ce. Ɗan jaridar da ya rubuta "he concealed it" ya yanke hukunci cewa da saninsa ya yi, kuma idan ba shi da hujja, ya buɗe wa kansa ƙofar ƙarar ɓata suna. A ganina wannan ya fi kuskuren nahawu haɗari, domin jimlar tana tafiya sumul, edita ba zai ga abin gyarawa ba.

Idan kuma ba mutum ne aikau ba, niyyar takan faɗi. "A curtain concealed the door", labule ne ya kare ƙofar, ba wanda ake tuhuma. Masu rubutun tattalin arziki suna son wannan ginin: "The national average conceals wide differences between states", wato matsakaicin adadi na ƙasa ya danne bambancin da ke tsakanin jihohi.

Wajen abin da ke zuci, kalmar ta fi zuwa da korewa. "He could not conceal his disappointment", ya kasa ɓoye takaicinsa. "She made no attempt to conceal her anger", ko yunƙurin danne fushin ba ta yi ba. Daga nan ne aka sami "barely concealed" da "ill-concealed", waɗanda ke ruɗa masu fassara. "Barely concealed contempt" ba raini ne da aka ɓoye sosai ba, raini ne da ya kusa fitowa fili, kowa a wurin ya lura da shi. Wanda ya fassara shi da "ɓoyayyen raini" ya juya ma'anar. "Raini da ke neman bayyana a fuska" ya fi kusa.

A bakin lauyoyi

Gidan "conceal" na gaskiya shi ne doka, kuma a can kowace kalma tana da iyakarta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta birnin Biyana (Vienna) ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ta haɗa "concealment" da "disguise" wajen bayyana laifin halatta kuɗin haram, kuma dokokin ƙasashe da dama, har da dokar Nijeriya ta 2022 kan wannan laifi, sun bi wannan lafazin. Ba maimaici ba ne. "Conceal" shi ne a hana ganin dukiyar ko asalinta, kamar a binne kuɗi ko a sa su a asusun da ba a bayyana ba. "Disguise" shi ne ɓad da kama: dukiyar tana fili, amma an sa mata rigar wani abu, kamar a nuna kuɗin sata a matsayin ribar gidan mai. Dokar Birtaniya ta 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta jera ayyuka biyar a sashe na 327, "conceals" ce ta farko, "disguises" na biye, kuma hukuncin na iya kai wa shekara 14 a kurkuku.

A Ingila akwai tsohon laifi mai suna "concealment of birth" a sashe na 60 na dokar 1861 kan laifukan da ake yi wa jikin mutum. Ba ɓoye ciki ake nufi ba, ba kuma ƙin yi wa jariri rajista ba. Laifin shi ne a yi wa gawar jariri ɓoyon sirri don kada a san an haife shi, hukuncinsa har shekara biyu. A ɓangaren ƙarar farar hula kuma, dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara ta 1980 ta ba da shekara shida ga rikicin kwangila, amma sashe na 32 ya ce idan wanda ake ƙara ya yi "deliberate concealment" na wata hujja, lissafin ba ya farawa sai ranar da mai ƙara ya gano, ko ranar da ya kamata ya gano da ya yi bincike gwargwado. A harkar inshora ma kalmar tsohuwa ce. Tun shari'ar Carter da Boehm a 1766, wadda ta shafi inshorar wani sansani a tsibirin Sumatara, alƙali Lord Mansfield ya kafa ƙa'idar cewa mai neman inshora ba shi da damar ɓoye abin da shi kaɗai ya sani game da haɗarin.

Amurka kuma ta ba kalmar wata rayuwa ta daban. "Concealed weapon" makami ne da aka ɗauka a jiki ba a ganin sa, "concealed carry" kuma shi ne ɗaukar bindiga a haka cikin jama'a, kishiyar "open carry". Jihar Ilinoi ce ta ƙarshe da ta halatta shi, a 2013. Mai fassara labarin Amurka ya kula: "concealed carry permit" lasisi ne na hukuma, don haka "concealed" a nan ba ya nufin haramtacce. Mutum na iya riƙe ɓoyayyiyar bindiga bisa doka.

Sojoji ma suna da nasu rabon, mai amfani ga duk mai fassara labarin tsaro. "Concealment" shi ne abin da ke hana abokin gaba ganin ka, kamar ciyawa mai tsawo, hayaƙi ko duhu. "Cover" shi ne abin da ke tare harsashi, kamar katangar kankare, buhunan yashi ko rami. Zana na ba da na farko, ba ya ba da na biyu.

Maƙwabtanta, da inda Hausa ta fi ta faɗi

"Ɓoye" ta Hausa ta fi "conceal" faɗin fili, saboda haka akwai wuraren da ba ita ake nema ba sam. Ɗan kasuwar da ya ɓoye masara ko man fetur yana jiran tsada "hoarding" yake yi, aikatau ɗin "hoard". Wanda ya cusa kuɗi ƙarƙashin katifa don wata rana "stash" ya yi, kalmar hira ce, ba a sa ta a wasiƙar ofis. Makaman da aka tara a rami "cache" ne, ana furta ta daidai da "cash", kuma ita ce dai kalmar da ke cikin waya da kwamfuta ga bayanan da na'ura ke ajiyewa na ɗan lokaci. "Withhold" shi ne riƙe abin da ya kamata ka miƙa: wanda ya yi "withhold" na rahoto na iya fitowa fili ya ce rahoton na nan amma ba zai bayar ba, wanda ya yi "conceal" kuwa ba ya so a san ma akwai shi. "Cover up" na laifi ne ko abin kunya da aka riga aka yi, yawanci da hannun mutane da yawa, kusa da abin da muke kira rufa-rufa. "Obscure" kuma dusashewa ce, abin yana nan amma ba a ganin sa sosai, kamar yadda hazo ke yi wa hanya.

Akwai wuri guda da ba a son "conceal" ko da nahawu ya yarda: rufin asiri. Idan aka ce wani ya rufa wa maƙwabcinsa asiri, yabo ne. "He concealed his neighbour's secret" zai sa Bature ya zaci akwai laifin da ake dannewa. Gwargwadon abin da ake nufi, "he protected his neighbour's dignity", "he spared him embarrassment" ko "he kept it in confidence" sun fi isar da saƙon. Haka "keep a secret" ake cewa ga riƙe sirrin da aka ba ka amana.

Daga jikin kalmar an fitar da suna "concealment", wanda ba a cika jam'inta shi ba, da "concealer", man kwalliyar da ake shafawa a kan tabo ko duhun ƙasan ido. Sifar "concealed" tana yawo a harkar gini: "concealed wiring" wayar lantarki ce da aka bi da ita cikin bango ta bututu maimakon a kafa ta a sarari, "concealed hinges" kuma su ne maƙalan ƙofar kabad da ba a ganin su idan an rufe. A titunan Birtaniya ana ganin allo mai cewa "Concealed entrance", gargaɗi ne cewa akwai mashiga a gaba wadda kwana ko shinge ya kare, mota na iya fitowa ba zato.

Ga masu shirin WAEC da JAMB, kalmar takan zo a tambayoyin ma'ana mafi kusa da na kishiya. Mafi kusa "hide" ce. Kishiyoyin su ne "reveal", "disclose", "expose" da "divulge", kuma jimlar da aka bayar ce ke nuna wadda za a ɗauka. "Reveal" tana shiga kusan ko'ina. "Disclose" ta bayanan da doka ko aiki ya wajabta a faɗa ce, kamar kadarorin mai riƙe da muƙami. "Divulge" ta sirri ce da aka ba mutum ya fitar. "Expose" kuwa yawanci wani ne ke tona abin da mai shi ba ya so a gani, saboda haka idan jimlar ta ce "The manager concealed the loss from the board" aka nemi kishiya, "disclosed" ta fi "exposed" dacewa, tunda manajan ne da kansa zai kai wa hukumar gudanarwar labarin asarar, kuma a sabuwar jimlar "from" za ta koma "to".